Barin Injin Gas a Silo Ba Hutu Ba Ne

Jawabin malamin gona ga 'yan ƙungiyar manoma, kafin faɗuwar damina

Na san wasunku sun baro sharar gona, wasu sun baro kai taki, saboda haka ba zan tsare ku har la'asar ba.

Yau ban zo da maganar iri ko taki ba. Maganar inji na zo da ita, injin da ke shan man gas, wanda wasu ke kira dizal. Na ga Baba can yana murmushi, watakila yana cewa shi ina ruwansa da inji, da garmar shanu yake noma. To, Baba, a yi mini haƙuri. Taraktar da kuke haɗa kuɗi kuna ɗaukowa haya gas take sha. Haka injin niƙa, da na casar shinkafa, da babban injin ban-ruwa na fadama, da motar da ke kai hatsinmu kasuwa. Har motar asibiti da ke zuwa ɗaukar mai naƙuda cikin dare, da yawansu gas suke sha. Duk ranar da ɗaya daga cikinsu ya kwanta, mu ne za mu biya, ko da kuɗi, ko da makarar shuka, ko da abin da ya fi wannan.

Akwai wata ɗabi'a da muka saba gani har ba ma lura da ita, watau barin inji a silo. Silo shi ne inji ya kasance a kunne yana gunji a hankali, ba ya jan komai, ba ya juya komai. Bara da damina na je wata gona duba huɗa, na tarar da tarakta a gindin gawo tana ta gunji ita kaɗai. Direba ya tafi salla, ya ci abinci, ya ɗan kishingiɗa. Na duba agogo, sai da aka yi awa ɗaya da rabi kafin ya hau. Na ce, "Direba, me ya hana ka kashe ta?" Ya ce, "Ai Malam injin gas ba ya son a riƙa kashe shi. Haka nan ma hutawa yake yi." Wannan magana na sha jin ta, daga bakin direbobin tirela har na masu injin niƙa, kuma ita nake so mu warware yau.

Bari in fara da abin da ke gudana a cikin injin. Injin gas ba shi da fulogi irin na babur. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan nozul ya fesa mai a kanta, man ya kama da wuta da kansa. Ke nan zafi shi ne ashanar wannan inji. In yana jan garma, direba ya ba shi wuta, mai yana shiga da yawa, ciki ya ɗauki zafi, man ya ƙone ƙurmus. In kuwa yana silo, ɗan mai kaɗan ake fesawa cikin iska mai yawa, wutar ba ta da ƙarfi, cikin injin ba ya kai zafin da ya kamata. Iyayenmu mata sun fi mu sanin wannan. A hura murhu a bar wuta tana ci a lalace, hayaƙi kawai za a sha, gindin tukunya ya yi baƙi ƙirin, rufin madafa ya cika da kunkunniya. Da an iza wuta ta kama sosai, sai hayaƙin ya ɗauke.

To, man da bai ƙone ba ina yake zuwa? Wani yakan manne a bakin nozul ya zama gawayi, feshin ya lalace, maimakon mai ya fito kamar hazo sai ya riƙa ɗiga. Wani yakan gangara ta bangon silinda ya wanke baƙin man da ke shafe a wurin, ya zarce ƙasa ya gauraya da baƙin man injin ya tsinka shi. Baƙin mai in ya tsinke ba ya kare ƙarfe daga cin ƙarfe. Ga kuma ringi. Ƙarfin fashewar mai ne ke tura ringi su manne da bangon silinda, a silo kuwa ƙarfin kaɗan ne, ba sa mannewa yadda ya kamata. A bangon nan akwai wasu siraran zane da masu ƙira suka yi da gangan domin su riƙe baƙin mai. Silo mai tsawo yakan sa wata dauɗa mai ƙyalli ta shafe su, bangon ya yi sumul kamar gilashi. Daga nan inji ya fara shan baƙin mai, hayaƙinsa ya koma shuɗi-shuɗi, ƙarfinsa ya ragu. Sabon inji, ko wanda aka sa wa sababbin ringi, shi ya fi saurin kamuwa da wannan.

Sauran man kuma salansa yake bi. Wanda ya taɓa ganin wani baƙin ruwa mai maiƙo yana tsatsafowa daga mahaɗin salansa yana ɗiga a jikin inji, to ya ga abin da nake faɗi. Sau da yawa mai inji yakan ɗauka baƙin mai ne ke yoyo, ya kira makaniki, makaniki ya ce sai an buɗe inji. Alhali ɗanyen gas ne da kunkunniya suka haɗu. In abin bai yi nisa ba, maganinsa aiki. A ɗaura wa tarakta garma ta yi huɗa ta gaske awa ɗaya ko biyu, za a ga ta yi ta tofar da hayaƙi, daga baya ya washe. A gwada wannan tukuna kafin a yarda a kwance inji.

Wannan duk a kan tsofaffin injuna ne, da irin sababbin taraktocin da aka fi sayarwa a ƙasashenmu, waɗanda yawancinsu salansa ce kawai a jikinsu. Akwai kuma wasu injuna na zamani da silo ya fi yi wa ɓarna, kuma sun fara shigo mana. Domin ku gane su, sai na kai ku Amurka, wurin motocin asibiti da na 'yan kwana-kwana masu kashe gobara, don a kansu ne matsalar ta fito fili.

A can gwamnati ta tsananta doka a kan hayaƙin gas saboda cutar da yake yi wa huhu. Daga shekarar 2007 manyan motocin gas sababbi suka riƙa fitowa da matatar kunkunniya a jikin salansa. Turawa na kiranta da haruffa uku, DPF. An yi ta da wani irin gasasshen yumɓu, cikinta ramuka ne jere kamar saƙar zuma, kowane rami an toshe shi a kai ɗaya. Hayaƙi in ya shiga ba shi da hanyar wucewa sai ya ratsa bango, kamar yadda ruwa ke tsatsafowa ta jikin sabuwar randa. Iska ta wuce, kunkunniya ta maƙale. Fiye da kashi tara cikin goma na baƙin nan tana kama shi. Amma kowace rariya cika take yi. Dabarar da aka yi ita ce zafin salansa ya riƙa ƙone abin da ya taru. In inji yana aiki mai nauyi, hayaƙi ya kai wajen digiri 250 zuwa sama, to matatar tana share kanta a hankali ba tare da direba ya sani ba. In hakan bai samu ba, kwamfutar injin takan ƙara fesa mai domin ta ɗaga zafi zuwa wajen digiri 600 ta ƙone tarin gaba ɗaya. Ku tuna ruwa a digiri 100 yake tafasa. Shi kuwa inji a silo, hayaƙinsa da ƙyar yake wuce digiri 150. Watau yana ta zuba shara, ba mai ƙonewa.

Yanzu ku dubi rayuwar motar asibiti. Ta yi ɗan gudu na minti goma, ta tsaya a ƙofar gidan majiyyaci ko wurin haɗari. Ba a kashe ta, domin fitilunta, da na'urar sanyaya ɗaki, da kayan aikin jinya da na sadarwa duk wutar injin suke ci. Ta isa asibiti ta sake tsayawa a kunne. Motar kwana-kwana ma haka, tafiya gajera, tsayuwa doguwa, in ba lokacin da take harba ruwa ba. Matata ta cika, kwamfuta ta fara ƙona tarin, kafin ta gama an iso an tsaya ko an kashe. Gobe ma haka. Kuma an tsara kwamfutar ne a kan cewa in matata ta toshe ƙwarai ta rage wa inji ƙarfi, don kada ya lalace ko ya yi ta zuba hayaƙi. Ga motar dakon kaya wannan ɓata lokaci ne kawai. Ga motar da ke ɗauke da mai ciwon zuciya, ko wadda ke harba ruwa a gidan da ke ci da wuta, magana ce ta rai. Masu wannan aiki suka yi ta kai kuka, har a shekarar 2012 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sassauta doka, ta yarda masu ƙira su gyara tsarin motocin asibiti da na kashe gobara yadda ƙarfinsu ba zai yanke ana cikin aikin ceto ba.

Ku lura da abu ɗaya a nan. Sassaucin bai hana matata cika ba. Abin da ya rage cikar shi ne canjin ɗabi'a. Wasu ma'aikatun suka sa wa motocinsu manyan batura ko ɗan ƙaramin janareta mai riƙe fitilu da sanyi, domin a kashe babban inji in an tsaya. Wasu suka sa dokar a riƙa fita da mota kan babban titi ta yi gudu mai tsawo lokaci-lokaci, ko a ware mata lokaci a fili ta ƙone tarinta har ta gama. Ƙasar da ke da kuɗi da makanikai da tsabtataccen mai ke nan, ba ta sami wata dabara da ta wuce rage silo ba.

Ina haɗinmu da wannan? Motocin gwanjo da ake shigo mana da su daga Turai da Amurka, waɗanda muke kira 'yan Kwatano, na gas ɗinsu na shekarun baya-bayan nan da matatarsu suke zuwa. Haka taraktoci da injunan girbi na hannu da ake sayowa daga can, domin dokar ta kai kan injunan gona su ma, a Amurka ta kammala kama su wajen 2014 zuwa 2015, a Turai kuma aka ƙara tsananta ta daga 2019. Ni da kaina na ga abin a wani ƙaramin asibiti da aka ba kyautar mota irin wannan. Direban, mutumin kirki, kullum da safe yakan tayar da ita ya bar ta a silo kusan awa guda, wai don kada batir ya mutu, ya kashe ya rufe. Ba ta fita sai jefi-jefi. Wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a allon gabansa, ya ce ai tana tafiya lafiya. Ranar da aka ɗauko wata baiwar Allah da haihuwa ta zo mata da gardama za a kai ta babban asibiti, suna hawa kwalta mota ta ƙi gudu, ana taka ta tana rarrafe. Sai a motar kasuwa aka ƙarasa da ita. Allah ya sa an sauka lafiya. Mutane suka yi ta cewa an ba su ruɓaɓɓiyar mota. Motar lafiyarta ƙalau, kulawar da aka yi mata ce ta shaƙe ta.

Saboda haka duk wanda zai sayi tarakta ko mota ta hannu, ko ƙungiya za ta karɓi wata, a fara dubawa. In ka ga wata ƙatuwar gwangwani a jikin salansa da wayoyi da siraran bututu sun shiga cikinta, akwai matata. A allon gaban direba kuma akwai fitila mai hoton ɗan akwati da ɗige-ɗige a ciki da alamar hayaƙi. In ta kama, injin yana roƙon a ba shi dama ya ƙone tarinsa. Abin yi shi ne a ci gaba da aiki mai nauyi da wuta sosai, kada a sauke shi silo, kada a kashe, har fitilar ta mutu. In an yi sakaci ta fara ƙyaftawa, to sai an tsaya an yi ƙonar a tsaye, yadda littafin injin ya nuna. Injin zai ɗaga murya da kansa, abin yakan ɗauki kamar rabin awa ko fiye. A bar shi ya gama. Katse shi sau da yawa yana sa gas ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai, har ka zaro sandar awo ka ga mai ya ƙaru maimakon ya ragu. Wanda ya ga haka kada ya yi murna, ya canja mai.

A nan ina roƙon ku buɗe kunne da kyau. Lokacin wannan ƙona, iskar da ke fita daga salansa tana iya kunna busasshiyar ciyawa. Kada a yi ta kusa da tarin kara, ko harawa, ko ƙaiƙayi, ko gindin rumbu, ko ƙarƙashin rumfar zana. A fitar da inji fili, ƙasa tsura, a kori yara da dabbobi. Da rani in iskar hunturu na kaɗawa, ku kun san abin da tartsatsi ɗaya ke yi wa unguwa. A kuma riƙa share ƙaiƙayi da ganye da ke taruwa a kan salansa kowace safiya, musamman a injin girbin shinkafa.

Akwai wani bawul kuma, ana ce masa EGR, wanda ke mai da wani kaso na hayaƙi cikin inji domin ya rage zafin wuta. Shi ma a silo kunkunniya da danshin mai sukan haɗu su yi masa kauri kamar kwalta har ya maƙale. Wankuwa yake yi, amma sai an kwance, kuma kuɗi ne.

Sai tanki mai shuɗin murfi. Manyan motoci na Amurka daga 2010, da taraktocin can masu ƙarfin doki 75 zuwa sama, yawancinsu suna da wani ƙaramin tanki kusa da na mai. Ruwan da ake zubawa ciki a Turai sunansa AdBlue, a Amurka DEF. Za ku yi mamaki in na gaya muku abin da ke cikinsa: yuriya ce, 'yar'uwar wadda muke sa wa masara, kashi 32.5 cikin 100, sauran tataccen ruwa. Ana fesa shi cikin salansa, zafi ya mai da shi iska mai kashe wata guba da ke cikin hayaƙi. Shi ma sai salansa ta kai wajen digiri 200 yake aiki daidai. In ana yawan silo da ɗan aiki marar nauyi, ruwan yakan bushe ya bar farin gishiri ya daskare a bakin mafesa da cikin bututu. Na san tunanin da ya zo wa wasu yanzu, na ga Sarkin Noma yana duban buhun da ke shagon ƙungiya. A'a, ranka ya daɗe. Takin buhu yana da ƙazanta da abin da aka shafa wa ƙwayarsa, ruwan rijiya kuma yana da gishirinsa. Wanda ya jiƙa taki ya zuba a tankin nan zai kashe na'urar da kuɗinta ya fi na takin unguwa guda. Kada kuma a yi kuskuren zuba gas a cikinsa, ko a zuba shi a tankin gas.

Irin waɗannan injuna suna da tsirfa wajen abinci. An ƙera su ne domin man da farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 15 cikin miliyan ba a Amurka, 10 a Turai. A shekarar 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a tsaya a kan 50 ga man da ake shigowa da shi. Amma man da aka saya a galan a bakin hanya, wanda ba a san inda ya fito ba, ko aka sirka shi da kananzir, ba mai iya ba da shaidarsa. Farar wuta mai yawa tana dakushe na'urorin nan tana ƙara tarin da ke toshe matata. In aka haɗa mugun mai da dogon silo, an haɗa wa inji zafi biyu. Baƙin mai ma nasu daban ne, mai ƙarancin toka, za a ga an rubuta CJ-4 ko CK-4 a jikin galan. Dalili kuwa, kunkunniya tana ƙonewa, amma tokar baƙin mai ba ta ƙonewa, tana nan a matata sai an cire an busa ta da na'ura.

Wani zai ce, to a fasa matatar mana a huta, ai makanikai na yi. Suna yi, na gani. A Amurka da Turai laifi ne. Ni dai ba na ba da wannan shawara. Sau da yawa kwamfuta takan rikice ta riƙe inji a rabin ƙarfi, a shiga yawon neman mai gyara daga wannan birni zuwa wancan, damina na wucewa. Hayaƙin da aka saki kuma direba ne farkon mai shaƙa, sai yaran da ke bin bayan tarakta. A shekarar 2012 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya tabbatar cewa hayaƙin gas yana jawo ciwon dajin huhu. Shawarata ga ƙungiya irin tamu, da ke nesa da mai gyaran kwamfuta, ita ce tun wajen saye a zaɓi inji mai sauƙi wanda makanikin garinmu ya sani. In kuwa mai matata ya riga ya shigo hannu, a koyi halinsa a bi shi.

Mu zo kan kuɗi, don na san nan ne za a fi saurara. A lissafin ma'aikatar makamashi ta Amurka, babbar mota irin tirela tana shan kusan lita 3 a awa guda tana tsaye a silo. Tarakta matsakaiciya ba ta kai haka ba. Mu ce lita 2, don sauƙin lissafi. In ana barinta awa biyu kowace rana, tsakanin ɗumin safe, da salla, da cin abinci, da jiran mai gona ya zo ya nuna iyaka, lita 4 ke nan. A kwana 50 na huɗa lita 200, durom guda cur, jarka takwas ta lita 25. Kowa ya san kuɗin jarka a yau, ya buga da kansa. Kuma agogon tarakta awa yake ƙirgawa, silo ma yana shiga lissafi, lokacin canjin mai ya matso, darajarta a kasuwa ta ragu, ba ta huɗe ko kunya ɗaya ba. Kamfanin Ford ya rubuta a littafin wasu motocinsa na gas cewa a ɗauki awa guda ta silo daidai da tafiyar mil 25, watau kilomita 40. Motar da ke tsaye a inuwa ke nan tana tsufa.

To yaya za a yi? Da safe a duba ruwa da baƙin mai, a tayar, a ba shi minti uku zuwa biyar mai ya zagaya, sa'an nan a tashi a hankali a fara da aiki marar nauyi. Inji ya fi saurin ɗumi yana tafiya a kan yana tsaye. Ko da sanyin hunturu wannan ya isa a ƙasarmu. Bayan aiki mai nauyi kuma kada a kashe nan take. A nan direbobi suna da gaskiya, kuma ina jin daga nan ne maganar "ba ya son kashewa" ta samo asali. A bar shi minti uku zuwa biyar ya huce, musamman mai turbo, domin turbo yana juyawa da gudun tsiya cikin zafi, in aka yanke masa mai farat ɗaya sai man da ya rage ya ƙone a kan ƙarfensa. Minti biyar aka ce. Tsayuwar da za ta wuce haka, a murɗa makulli. Man da tayarwa ke ci bai kai na silon minti ɗaya ba, in inji na da ɗumi.

Bari in koma kan direban nan na gindin gawo. Da muka zauna ya saki jiki, sai ya ce, "Malam, gaskiya batir ne ba shi da kyau. In na kashe, sai an tara mutane an tura." Wannan shi ne ainihin dalilin yawancin silon da muke gani, kuma ba laifin direba ba ne shi kaɗai. Mai tarakta yana ƙyashin sayen batir ko gyaran sitata, yana ƙona abin da ya fi kuɗinsu a mai kafin damina ta raba. Ku da kuke biyan haya kuna da bakin magana. In da manku ake aiki, ku ce a tayar a kashe a gabanku kafin a shiga gona. Taraktar da ba ta tashi da makulli, ku san da wa za ku yi lissafin manta.

Masu injin niƙa da casa, ku ma da ku nake. Ana barin inji yana ta bugawa ana jiran mai kwano ɗaya ta zo. Gara a tara niƙa a sa lokaci, safe da yamma, a tayar a yi a kashe. Kuma a fitar da bakin salansa waje ta bango, kada a bar hayaƙi yana taruwa a ɗakin da mata da yara ke layi. Masu ban-ruwa, in ruwan rijiya ya ja baya kuna jiran ya taru, ku kashe inji. Famfon da ke juyawa babu ruwa yana cinye robar da ke hana shi yoyo, ga asarar mai. Wanda zai sayi janareta na gas kuma kada ya sayi wanda ya fi ƙarfin bukatarsa nesa, don babban janareta da ke riƙe da ƙwan fitila biyar daidai yake da mai silo. Masu ƙira suna so kayan da aka ɗora masa su kai aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa.

Game da motar asibitinmu, ina roƙon Mai Gari da 'yan kwamitin lafiya su zauna da direba. In batir ake tsoro, gara a fita da ita kan kwalta sau ɗaya a mako ta yi tafiyar rabin awa da gudu mai kyau, ya fi ɗumin kowace safiya a tsaye amfani, ga batir ga matata. Duk fitilar da ta kama a allo a faɗa a ranar, kada a jira daren da za a bukace ta.

Magatakarda, ina so a rubuta cikin takardar hayar bana cewa tarakta ta zo da batir mai tashi, kuma tsayuwar da ta wuce minti biyar a kashe inji. Wanda ke da inji mai shuɗin murfi ko mai fitilar da bai gane ba, ya zo mini da littafinsa ofis ranar kasuwa mu karanta tare, ko ya aiko yaro in zo in duba. Akwai mai tambaya kafin mu tashi?